Taka Sawun Ɓarawo: Matsayin Shakka a Ƙagaggun Labaran Binciken Laifi

Gabatarwa

Idan tsautsayi ya jefa mutum cikin laifin da bai ji ba bai gani ba, Bahaushe kan ce ya taka sawun ɓarawo. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa shakkar mai bincike game da irin wannan mutum ita ce ƙashin bayan labarin binciken laifi, kuma marubutan Hausa suna da kayan gina ta a gida.

Shakka a Labaran Turawa

A shekarar 1891 Arthur Conan Doyle ya fitar da labarin "The Boscombe Valley Mystery". An ga saurayi James McCarthy yana sa-in-sa da mahaifinsa a bakin tafki, jim kaɗan aka tarar da gawar uban, ga jini a hannun rigar ɗan. Ɗan sandan ciki Lestrade ya gamsu, amma Sherlock Holmes bai gamsu ba. Sai ya koma bakin tafkin ya karanta sawu, ya gano cewa mai kisan dogo ne, bahago, mai ɗingishi. Wannan siffa ta kai shi ga John Turner, mai gonar da mamacin yake zaune a ciki.

Agatha Christie ta zurfafa al'amarin a littafinta Mrs McGinty's Dead na 1952. A nan, Spence, ɗan sandan da ya tattara hujjojin da aka yanke wa James Bentley hukuncin kisa da su, shi ne ya kasa samun natsuwa. Da ƙafarsa ya je ya roƙi Hercule Poirot ya sake duba maganar kafin a rataye mutumin. Abin lura shi ne, a labaran biyu ba ƙarancin hujja ne ya haifar da shakka ba. Hujjar ce ta yi daidai da zaton jama'a ƙwarai, har kowa ya daina tambaya.

Halin da Adabin Hausa Yake Ciki

Ƙagaggun labaranmu ba su rasa jigon laifi ba. A Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo (1978) mun bi saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun miyagun birni. A Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982) mun bi Mailoma da ƙungiyarsa ta 'yan ta'adda. Sai dai a duka biyun mai laifin ne tauraro. Mai karatu ya san shi tun farko, abin da yake jira kurum shi ne ranar da dubunsa za ta cika. Wannan zubi ya dace da manufar gargaɗi, amma ba ya koya wa mai karatu auna hujja, domin ba a taɓa sa shi ya yi kuskure ba.

Kayan Gini na Gida

Na farko shi ne ƙissar Annabi Yusuf (AS), inda aka duba ko ta gaba rigarsa ta yage ko ta baya, aka fifita shaidar abu a kan maganar mai ƙarfi. Na biyu shi ne ƙa'idojin fiƙihu: kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma shubuha tana kawar da haddi. Na uku shi ne sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Na huɗu kuwa shi ne al'adar bin sawu, wadda mutanen karkara suka daɗe da ita.

Bari mu kwatanta da ƙauye irin Ɗandamisa ta ƙasar Maƙarfi. A ce an wayi gari an kwance wa wani san huɗa, aka bi sawu ta gefen gonar rake har ƙofar bukkar wani ɗan cirani. Baƙo ne, ba shi da dangi, kuma jiya an ji shi yana kukan rashin kuɗi. Gari ya yanke hukunci tun kafin a je gaban mai gari. A nan ne marubuci zai shigo da mai bincikensa. Me ya sa sawun san ya tsaya cak a ƙofar bukkar bai wuce ba? Yaya aka yi karen gidan bai yi haushi ba? Wa ya san daren da mai san ba ya kwana a gida? Kowace tambaya tana janye zato daga baƙo tana mayar da shi cikin gida. Tauraron kuwa zai biya kuɗin shakkarsa, domin za a ce ya ci hanci, ko yana goyon bayan bare a kan 'yan'uwansa.

Kammalawa

Wannan magana ta wuce nishaɗi. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa, a garin Uromi na Jihar Edo, bisa zaton masu garkuwa da mutane ne. Mu ma a kasuwanninmu ihun "ɓarawo" kaɗai yakan isa a far wa mutum. Labarin da zai sa mai karatu ya amince da laifin wani tsawon babi goma, sannan ya nuna masa ya yi kuskure, ya koya masa jinkirin da wa'azi kaɗai ba lalle ya koyar ba. Zato zunubi ne, in ji masu iya magana, ko da ya zama gaskiya. Saura ga marubutanmu su ba wannan karin magana tauraron da ya dace da shi.