Yadda Za a Kai Wasan Labari Sararin Samaniya

Ɗaliban da ke zaune a Kwalkwalawa, daf da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sai sun sayo littafi daga Amurka ba kafin su kai wasan labari irin Dungeons & Dragons duniyar taurari. Tabarma, takarda da dayis ɗin lido biyu sun isa. Wasan Traveller na 1977 ma da dayis biyu masu fuska shida ake yanke yawancin hukuncinsa.

Kada mai jan labari ya rushe dokoki duka. Uku kawai zai taɓa: tafiya, makami da iska. Ta iskar ta fi daɗi. A wasan Spelljammer na 1989, jirgi na tafiya da iskar da ya ɗebo, tana gurɓacewa gwargwadon yawan mutanen ciki. Sai a tara tsakuwa goma a faifai a matsayin iskar jirgin, kowane zango a cire ɗaya, a ga yadda gardama ke kaurewa idan saura biyu.

Duniyar labarin kuwa akwai ta a gida. Littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, ya riga ya kai yaro Bahaushe sama. Kwalekwalen masuntan Gulbin Rima ma zai iya zama jirgin.