Shawara ga ɗan Gammo mai niyyar shiga Jami'ar Bayero

Duk wanda ya hau mota daga Gwarzo zuwa birni yakan wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Sau nawa ka leƙa ta taga ka ce wannan gida ba naka ba ne? To, kada girman ginin ya razana ka. Ita ma da ƙaramar kwaleji ta fara a 1960, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a.

Ƙanena, daina sauraron masu cewa ɗan kimiyya ya fi ɗan adabi. Dubi Farfesa Abdalla Uba Adamu: ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya, ya sake zama farfesa a fannin yaɗa labarai da al'adu, yana nazarin finafinan Hausa da littattafan soyayya da wasu ke yi wa kallon shirme. Daga 2016 zuwa 2021 shi ya shugabanci Jami'ar Karatu Daga Gida ta ƙasa. In kuwa noma ne a jininka, Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, irin namu.

Sai dai kafin nan, tanadi kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a ciki. Ranar cike fom ɗin JAMB, zauna kusa da mai kwamfuta, ka karanta sunanka da darussan da ya zaɓa maka harafi-harafi kafin ya tura. Na ga yaron da ya ci maki mai kyau, amma kuskuren darasi ɗaya ya zaunar da shi gida shekara guda yana tallar rake.