Me Ya Sa Murjani Yake Son Shuɗin Haske?

'Yan uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun ɗauka murjani dutse ne. A gaskiya ƙananan dabbobi ne da ke zaune a teku. A wasu ƙasashe ana kiwonsa a gida, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri.

A jikin murjani akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani. Ita ce take haɗa abinci da haske, kamar yadda ganye yake yi, murjanin ya samu rabonsa. Idan babu haske, yunwa za ta kama shi.

To wane haske ya fi dacewa? A teku, jan haske yana ɓacewa tun kusa da saman ruwa, shuɗi ne yake isa can ƙasa. Shi ya sa masu kiwo suke rataya fitilar LED mai yawan shuɗi. Ba ta shan wuta sosai, kuma ba ta ɗumama ruwa kamar fitilun da.

Amma akwai hatsari. Ana son ruwan ya tsaya wajen digiri 25. Idan ya yi zafi, ko haske ya yi yawa farat ɗaya, murjani zai kori gansakukar, ya koma fari fat, har ya iya mutuwa. Don haka ake ƙara hasken kaɗan kaɗan, a kashe da dare.

Masana uku 'yan asalin Japan ne suka ƙirƙiro shuɗin LED, suka samu kyautar Nobel a 2014. Farin hasken tocilanmu ma daga shi ya samo asali.