Wata Nawa Manomi Yake Aiki a Shekara?

Aikina tattara bayanan gidaje ne a ƙauyukan Kano, domin masu shirya tallafin noma. A cikin birni nake zaune, kuma da an ɗebe amfanin gona sai ka ga bakin Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai ya cika da samari 'yan ci-rani: 'yan dako, 'yan ga-ruwa, masu yankan farce. Ka tambayi kowannensu sana'arsa, zai ce maka manomi ne. Bai yi ƙarya ba. Gonar ce ba ta da abin da za ta ba shi ya yi har sai ruwa ya sauka.

A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auninta: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako, mai aiki ne. Nan take rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 cikin ɗari na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Da wannan ma'auni kusan babu mai zaman banza a karkara. Amma ciwon ƙauye ƙarancin aiki ne: mutum yana da ƙarfi, yana son yi, aikin ne bai kai ya ci da gidansa shekara ba. Haka matar da ke soya ƙuli-ƙuli sau biyu a mako. A takarda tana da sana'a, ribar kuwa ba ta sayen mudun gero.

Dubi Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke kaiwa. Shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da rani. Can aiki ba ya yankewa. Ƙauyen tudu da ba shi da fadama kuwa, damina daga Yuni zuwa Satumba ce, sai girbi, sai zama. Idan aka raba tallafi daidai wa daida tsakanin waɗannan wurare biyu, an zalunci na tudu. Takin zamani ma, duk da amfaninsa, watannin da tuni ake aiki a cikinsu yake taimaka wa. Abin da ke cike rani shi ne rijiyar burtsatse, injin ban-ruwa, jarin kiwo, da gyaran hanyar kai kaya kasuwa.

Roƙona ga hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano, KNARDA, da ƙananan hukumomi 44 da dagatai: kafin a rubuta sunan ƙauye a jerin tallafi, a tambayi mutanensa wata nawa suka yi aiki a bara, kuma samari nawa suka tafi ci-rani. A fara da inda watannin zaman suka fi yawa.