CIWON SUKARI NA MASU JUNA BIYU DA LAFIYAR JIJIYOYIN JINI

Idan mace ta sami juna biyu, jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a da. Ta cikin jijiyoyi yake bi har ya isa mabiyiya, inda ɗan da ke ciki yake samun abinci da iska. Daga nan kuwa jijiyoyi 3 ne kaɗai a cikin cibiya: ɗaya ta kai masa jini mai kyau, biyu su komo da wanda ya riga ya yi aiki. Saboda haka abin da ya taɓa jijiyoyin uwa, ya taɓa ɗanta.

A jikin kowa akwai wani sinadari, insulin, mai shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Mabiyiya takan fitar da waɗansu sinadarai masu rage masa ƙarfi, musamman daga wata na 6. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yin insulin, a zauna lafiya. Waɗansu kuwa nasu yakan gaza, sai sukari ya taru a jini.

To, kowace jijiya tana da wata lallausar fata a cikinta, wadda ke sa ta buɗe ko ta tsuke gwargwadon bukata. Sukari in ya yi yawa yakan raunana wannan fata, jijiya ta kasa sakewa sosai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mai wannan ciwo ta fi sauran mata haɗarin hawan jini. Idan awo ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko gani dishi-dishi, lalle a tafi asibiti a ranar, domin jijjiga tana iya biyowa. Shi kuma ɗan, sukarin da ke ƙetarawa gare shi yakan sa ya yi ƙiba har ya wuce kilo 4, haihuwa ta zo da gardama.

Kada a ɗauka wannan shi ne zaƙin da tsofaffi ke ba da jiƙo dominsa. Jiƙo ba ya auna sukari, ciwon kuma sau da yawa ba ya nuna alama ko kaɗan. Awon jini ne ke tona shi, tsakanin mako na 24 da na 28. Mace takan zo ba ta karya kumallo ba, a ɗebi jininta, ta sha ruwa mai giram 75 na sukari, a sake ɗiba bayan awa 1 da awa 2. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 2013.

Wadda aka samu da shi, ta bar lemon kwalba da shayi mai sukari. Ta rage malmalar tuwo, ta ƙara wake, ƙwai, kifi da ganye irin su zogale da alayyahu, ta kuma rarraba cin abincinta. Ta riƙa ɗan tattaki bayan ci. In likita ya ce sai da allurar insulin, kada a ji tsoro, ba ta cutar da ɗan. Maigida, kuɗin cefane da izinin zuwa awo suna wuyanka.

Galibi sukari yakan sauka bayan haihuwa, amma haɗarin ciwon sukari na dindindin da ciwon zuciya yana nan. Mai jego ta yi hattara da kunun kanwa, gama kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri. Ta koma a auna sukarinta da jininta tsakanin mako 6 zuwa 12 da haihuwa, watau da zarar an yi arba'in.