Amsoshin Tambayoyinku: Hikimar Awon Zuciya Yayin Shan Magani

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta aiko tana neman sanin hikimar da ta sa likita ya umarci a riƙa yi wa mahaifinta awon zuciya, alhali kuwa tarin fuka ake yi masa magani.

To, malama, haƙiƙanin al'amarin shi ne, akwai magunguna masu matuƙar amfani, irin su bedaquiline na tarin fuka mai taurin kai, da kwinin da kulorokwin, waɗanda kan tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka kafin ta sake shiri bayan kowane bugu. Wannan tazara, wadda likitoci ke kira QT, na'urar ECG ce ke zana ta a takarda, kuma idan ta haura milisakan 500, wato rabin sakan, ana fargabar rikicewar bugu mai kai mutum ga suma ko ajali, wadda likitan Faransa Dessertenne ya siffanta a 1966.

Amai da gudawa na ƙara haɗarin, domin suna rage sinadarin potasiyam a jini. Saboda haka wajibi ne Baba ya sanar da likita duk maganin da yake sha, har na gargajiya, kuma in jiri ko faɗuwar gaba ta same shi, a garzaya asibiti.