DARASI: ƊAN HAUSA DA UWARGIDANSA A NASSARAWA

Wanda ya taso daga Hotoro zai shiga birni, in ya bi ta Nassarawa, ba zai rasa jin sunan Gidan Ɗan Hausa ba. Gidan ƙasa ne, ginin maginan Kano, yana nan tsaye har yau kusa da gidan Sarki na Nassarawa. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta wurin, amma ba mu tambayi labarin mai gidan ba. To, yau za mu karanta labarinsa, shi da matarsa, mu ga irin zaman baƙuncin da suka yi a ƙasarmu saboda aikin makaranta.

Ɗan Hausa ba Bahaushe ba ne. Bature ne, sunansa Hanns Vischer. Ku dubi harafin farko na sunansa na biyu. Ba mu da shi a cikin haruffanmu. In za ku faɗi sunan, ku ce Fisha. An haife shi a 1876 a birnin Basel, cikin ƙasar Suwizalan, ƙasar duwatsu da sanyi a tsakanin Jamus da Faransa da Italiya. Ya yi karatu a Ingila. Ya fara zuwa ƙasar nan a 1901 tare da 'yan mishan. Bai daɗe a wannan aiki ba ya bari, a 1903 ya shiga aikin Gwamnati, aka tura shi Barno.

A 1906 ya yi wata tafiya wadda ta sa sunansa ya fito. Ya taso daga Tarabulus a bakin Bahar Rum, ya ratsa hamada da ayarin raƙuma, ya bi ta Murzuk da Bilma, har ya iso Barno. A cikin ayarin akwai alhazai masu komowa gida, da bayin da aka 'yanta. Wata da watanni yana ci yana sha tare da su. Mutumin da ya yi haka, ba a koya masa gaisuwa. Ya ji Hausa ƙwarai, ya san al'adun mutane, shi ya sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Sa'ad da Gwamna ya so a kafa makarantar boko a Arewa, shi aka zaɓa. Aka fara aika shi Masar da Sudan ya ga yadda su ke tafiyad da makarantunsu. Da ya komo sai ya buɗe tasa a Nassarawa a 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas.

Kada mu ɗauka shi ya kawo karatu ƙasar Hausa. Kafin a haifi kakansa akwai makarantun allo dubbai, akwai manyan malamai masu karanta littattafan Larabci, masu rubuta Hausa da ajami. Abin da ya kawo shi ne rubutun boko, da lissafi irin na ofis. Kuma ku lura da wannan, don ya shafe mu. Ɗaliban da ya fara koya wa ba yara ba ne. Malamai ne, manya, masu gemu da iyali. Su suka fara zama suna koyon a da ba kamar yadda mu ke yi, don su koya wa wasu. Daga baya aka kawo 'ya'yan sarakuna.

A 1912 matarsa ta iso Kano, ba da daɗewa da aurensu ba. Sunanta Isabel, 'yar wani babban gida ce na birnin Bern, can ƙasarsu.

Bari mu tsaya mu auna nisan da ta yi da gidan ubanta. A wancan zamani jirgin sama bai fara zuwa ƙasar nan ba. Mai zuwa daga Turai sai ya shiga jirgin ruwa a Ingila, ya fi mako biyu a kan teku kafin ya ga Ikko. Daga Ikko zuwa Kano mil 700 ne, ko sama da haka kaɗan. Hanyar jirgin ƙasa sabuwa ce ƙal, don a 1911 ta iso Kano. Gadar Jabba ma ba a gama ta ba sai 1916, saboda haka in an zo bakin Kwara sai a yi fito. Wasiƙa ita ma wannan hanya ta ke bi. In amarya ta rubuta wa uwarta tana tambayar wani abu, kafin amsa ta zo an yi kusan wata biyu. A wurinmu, yarinya in an kai ta ƙauyen da ke gaba, ranar kasuwa za ta ga 'yan garinsu, ta ba da saƙo. In ta haihu ta tafi wankan gida. Wannan kuwa ba uwa, ba gwaggo, ba ƙawa. Matan Turawa a Kano a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, don Gwamnati ba ta cika son ma'aikatanta su zo da matansu ba.

Gidan da ta tarar na ƙasa ne, irin na manyan Kano. An gina shi da tubali, an yi rufin soro da azara, an ɗaga ɗakunan da bakan gizo. Bangonsa kauri gare shi, saboda haka da rana akwai sanyi a ciki, da hunturu kuwa yana riƙe ɗumi. Amma gidan ƙasa, kun sani, ɗan lele ne. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, an toshe inda ya tsage. In aka yi sakaci, ruwan Agusta zai shigo har kan gado, ya jiƙa littattafai. Ga kuma gara, wadda ba ta san takardar Gwamna ba, ba ta san ta talaka ba.

Babu lantarki, babu famfo. Waɗannan ba su zo Kano ba sai wajen 1930. Da dare fitilar kananzir a ke kunnawa. Ruwa kuwa daga rijiya a ke ɗebowa, kuma ka'idar Turawan wancan zamani ita ce a tafasa shi, a tace, kana a sha. Kowace rana suna haɗiyar kwinin, mai ɗacin tsiya, suna kwana cikin gidan sauro. Ba don gata su ke yin haka ba. A 1897 wani likita ya gano sauro ne ke ɗaukar ciwon zazzaɓi daga wani zuwa wani, kuma zazzaɓin nan ya kashe Turawa da yawa a ƙasashenmu. Mu ma yana kashe mana yara har yanzu. Tafasa ruwa da ɗaura gidan sauro ba sai Bature ba.

Wajen abinci, abin da ƙasa ta bayar shi a ke ci: kaji, da zabi, da ƙwai, da naman kasuwa, da nonon Fulani, da shinkafa, da albasa. Shayi da sukari da garin fulawa su a ke kawowa daga Turai cikin akwati, ana tsimi da su. In za a fita, doki a ke hawa. Duk inda mu ke ganin masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, babu ko ɗaya a lokacin. Hotoro ƙauye ne, tsakaninsa da ganuwar birni gonaki ne da itatuwan kuka da ɗorawa.

Abin da ya fi kome wuya ga baƙuwa shi ne harshe. Mijinta yana jin Hausa, amma shi yana makaranta tun safe. Ita ce a gida da kuku, da mai ɗebo ruwa, da mai kula da doki, da masu kawo tallan ƙwai. Matar da ba ta iya cewa nawa ne ba, ba ta iya cewa ya yi tsada ba, yaya za ta riƙe gida? Ga kuɗin ma iri biyu ne. Ana ciniki da wuri, ana kuma ciniki da sabon kuɗin Turawa, su sule da kwabo da anini. Ashe babba ya kan koma ɗan koyo in ya bar garinsu. Yadda harafi ya ke yi mana gardama a kan allo, haka ɗ da ƙ su ke yi wa baƙo gardama a baki.

To, yaya makarantar ta ke? Ɗan Hausa bai yarda a mai da yaran Turawa ba. Da Hausa a ke koyarwa. Ɗalibai suna sa rigunansu na gida, suna kwana a gidajen ƙasa, suna cin tuwo. Malamai Musulmi su ke koyad da Larabci da addini, ba a kuwa koyad da addinin mishan. Ana koyon karatu da rubutu, da lissafi, da labarin ƙasa, da tsabta. Akwai sashen sana'a, inda a ke koyon sassaƙa da ƙira da dukanci, akwai kuma masu koyon awon ƙasa saboda aikin haraji. Baitulmalin sarakuna suna ba da gudummawar kuɗi. A 1913 ɗaliban sun wuce 200, daga larduna dabam dabam.

Duk da haka mutane ba su saki jiki ba. Shekara shida kaɗai ke tsakanin ranar da Turawa suka ci Kano da yaƙi, a 1903, da ranar da aka buɗe makarantar. Wanda ya ga an fasa ƙofar garinsu da igwa, in an ce ya kawo ɗansa a koya masa karatu, tilas ya yi tunani. Ga shi kuma an san malamin ya taɓa aikin mishan. Shi ya sa wasu manya suka ɓoye 'ya'yansu, suka aika da 'ya'yan barorinsu. Ba mu ga laifin tsoronsu ba. Amma wasu daga cikin yaran nan da aka tura don a huta, su suka zama ma'aikata masu albashi.

Akwai kuma inda tsarin ya gaza, ya kamata mu faɗa. Makaranta ce ta 'yan kaɗan, an yi ta ne don Gwamnati da En'e su sami malaman ofis. Ɗan manomi na ƙauye ba da shi aka yi ba. Mata kuwa babu su sam. Ga Baturiya mai ilimi a cikin gidan, amma ba ajin 'yan mata a makarantar. Sai wajen 1930 aka buɗe wa 'yan mata makarantun Gwamnati a Kano da Katsina. Manya na ƙauye irinmu kuwa sai da aka shiga shekarun 1950, da aka tashi Yaƙi da Jahilci.

Wani aikin da Ɗan Hausa ya yi a gidan nan yana hannunmu yanzu. A 1912 ya fitad da ka'idodin rubuta Hausa da boko, don kowa ya bi hanya ɗaya. Kafin nan kowane Bature yadda kunnensa ya ji haka ya ke rubutawa. An yi gyare-gyare bayansa. Haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930 aka shigo da su, sa'ad da Dokta East ya ke aikin littattafai a Zariya.

Zamansu a Nassarawa bai yi tsawo ba, kuma ƙarshensa ya zo da wahala. Daminar 1913 ba ta yi kyau ba. A 1914 aka yi babbar yunwa, mutane suka yi ta kwararowa Kano daga arewa suna neman abinci, da yawa suka mutu. A cikin shekarar nan kuma Yaƙin Duniya na Farko ya tashi. Ɗan Hausa ya tafi aikin soja, bai sake komowa ya riƙe makarantar ba. Aka ci gaba da karatun a makarantun larduna. Bayan yaƙi ya zauna a Ingila yana aikin shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka, ya kuma rasu a 1945. Isabel kuwa ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a Arewa, aka buga shi a 1917.

Bayansu baƙin malamai da yawa sun zo. A 1934 aka ɗauko shaihunai daga Sudan don Makarantar Shari'a ta Kano. A 1958 wani Bature, Alec Dickson, shi da matarsa Mora, suka kafa ƙungiyar aika matasan Ingila aikin taimako a ƙasashen waje. A 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa irin tata, aka yi ta turo samari da 'yan mata, har da sababbin ma'aurata, suna koyarwa shekara biyu biyu a makarantunmu. An kuma sami malamai daga Indiya da Pakistan da Masar.

Daga baya abin ya juyo. A 1987 Gwamnatin Nijeriya ta kafa nata shirin, ta shiga aika malamai da likitoci zuwa ƙasashe irin su Gambiya da Uganda, su ma shekara biyu. Watau ɗan wani daga cikinmu yana iya zama baƙon malami a inda ba a jin Hausa, yana koyon gaisuwar mutane, yana tambayar sunan gishiri a kasuwa.

TAMBAYOYI

1. Don me aka kira Hanns Vischer Ɗan Hausa?
2. Su wa ya fara koya wa boko a Nassarawa?
3. Daga 1909 zuwa 1914 shekara nawa ke nan?
4. Me ya sa wasu manya suka ƙi ba da 'ya'yansu?
5. A ce an aiko sabon malami ƙauyenku, shi da amaryarsa, ba su jin Hausa. Waɗanne kalmomi goma za ku fara koya musu? Ku rubuta su a allo.
6. Kowa ya rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga wani nasa da ke nesa, ya gaya masa labarin damina da farashin hatsi. Ku kawo ranar aji mai zuwa.